Sunan da Aka Karanta Lahadi Uku

Shekara biyu bayan an yanka mana sabuwar jiha, Gusau ta cika da baƙi. Ma'aikatan gwamnati sun taso da iyalansu, 'yan kasuwa sun biyo bayansu, majami'armu da a dā bencin baya yakan wuni babu kowa ta koma sai an shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofa. Gwauraye suka ƙaru, marasa lafiya suka ƙaru. Dikinoni biyun da muke da su kuwa, ɗaya tsufa ya zaunar da shi, ɗaya an yi masa canjin wurin aiki. Sai majalisar dattawan ikilisiya ta zauna, ta yanke shawarar a naɗa sababbi guda uku.

Ni ne mafi shekaru a majalisar. Asalina ƙasar Tsafe. Mahaifina yana cikin na farko da suka ba da gaskiya a ƙauyenmu, shi ya tura ni makarantar koyon Nassi ina saurayi, na kuwa koyar a cikinta shekara talatin kafin in ajiye alli in zauna Gusau. Na haddace wasiƙun manzanni a tsohuwar fassara, na ɗan taɓa Helenanci, harshen da aka fara rubuta su da shi, gwargwadon abin da zai hana ɗalibi ya ruɗe ni. Ban kawo wannan domin yabon kai ba. Na kawo shi domin a gane cewa abin da ya same ni a waccan kakar ba rashin sani ya jawo shi ba.

Dikin ba mai wa'azi ba ne, mai hidima ne. Shi ke kai hatsi gidan gwauruwa, shi ke zama a gefen gadon majiyyaci, shi ke sanin wanda ya kwana da yunwa tun mutumin bai buɗe baki ba. Saboda yana shiga ɗakunan mutane yana ganin asirinsu, manzo ya gindaya masa sharuɗa masu nauyi. Ana so ya zama mai kamun kai, wanda abin da ya faɗa a nan shi zai faɗa a can, ba mashayi ba, ba makwaɗaici ba, mijin mace ɗaya, mai iya riƙon gidansa. A kan waɗannan duka ana so ya riƙe bangaskiyarsa da lamiri mai tsabta, a kuma gwada shi tukuna kafin a ba shi aikin. Akwai kuma gargaɗin da ya hau kanmu mu dattawa, wanda na koya wa ɗalibai sau da yawa har ya zauna mini a ƙashi: wanda ya yi gaggawar ɗora hannu a kan mutum ya sa kansa cikin zunubin mutumin.

Al'adarmu ita ce a karanta sunayen a gaban jama'a Lahadi uku a jere. Duk wanda ya san wani abin da zai hana naɗin, ya zo wurin dattawa kafin a tashi sujadar Lahadi ta uku. Wanda ya sani ya yi shiru, alhakin yana wuyansa. Tsakanin karatun farko da na ƙarshe kuma akan tura dattijo ɗaya garin mutumin ba tare da an sanar da shi ba, ya ji ta bakin waɗanda ba na ikilisiya ba. Muna kiran wannan tafiyar shaida.

Biyu daga cikin sunayen ba su ba mu wahala ba, malamin makaranta ne da akawu, ikilisiyoyinsu na gida sun aiko da takardun shaida. Na ukun makanike ne mai gyaran injin niƙa, ɗan wani ƙauye da ke gaba da Nahuce a ƙasar Bunguɗu, auta a gidan manoma Musulmi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da baftismarsa. Mutum ne marar yawan magana, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ya kuwa daɗe yana yin aikin dikin tun ba a ba shi sunan ba. Da aka zo zancen wanda zai yi tafiyar shaidarsa, faston, wani matashi daga Filato mai son raha, ya nuna ni ya ce a tura Baba, domin ko mala'ika aka ba ni in bincika sai na samo masa datti a fiffike. Dattawa suka yi dariya, ni ma na yi.

Bayan Lahadin farko na shiga mota zuwa Bunguɗu, daga nan na nemi ta Nahuce, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyen. Na zaɓi ranar kasuwarsu domin a ranar ake samun kowa. Ina sanye da farar riga da hula, mutane suna ce mini Malam, ban kuwa ga dalilin yi musu dogon bayani ba. Na tambayi mai injin niƙan garin, ya ce makaniken in ya ce zai zo Talata to Talatar zai zo. Na tambayi wata tsohuwa mai daddawa, ta ce yaron kirki ne, ba ya ɗaga wa babba murya. Na lura da abu ɗaya kawai: duk wanda na tambaya, in ya gama yabon, sai ya dube ni ya tambaye ni ko lafiya, daga ina nake, wa ya aiko ni. Na ɗauka halin mutanen ƙauye ne da baƙo.

Rana ta yi tsaka aka kira azahar. Na koma gindin wata tsamiya na zauna, ina shirin in huta in kama hanya da labari mai daɗi. Masallacin kasuwar fili ne da aka kewaye da duwatsu, aka yi masa rumfar kara. Ina kallon mutane suna alwala suna shiga, sai na hango makaniken namu yana tafe a hankali, wani tsoho makaho yana riƙe da hannun rigarsa. Ya kai shi bakin buta, ya zuba masa ruwa, ya jawo shi zuwa ƙarshen sahu. Na ce a raina, madalla, ga mai girmama tsofaffi, zai tsayar da shi ya koma gefe. Bai koma gefe ba. Ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsohon. Liman ya yi kabbara, ya ɗaga hannu. Aka yi ruku'u, ya yi. Aka kai goshi ƙasa, ya kai.

Na zauna a gindin tsamiyar nan har aka sallame. Ban san ko minti nawa ba ne.  Ban bari ya gan ni ba; na kewaya ta bayan rumfunan masu hatsi. A nan wani mutum dogo mai furfura a gemu ya sha gabana, ya yi mini sallama, ya ce shi ne wan makaniken, an gaya masa wani Malam yana ta tambayar ƙanensa tun da hantsi. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Kai ba malaminmu ba na. Na wajensu na, ko?" Na ce haka ne.

Ya ja ni gefe ya ba ni labarin a taƙaice, idonsa yana kan hanya. Tsohon mahaifinsu ne. Lokacin da autan ya shiga addininmu, idon uban ya riga ya tafi, yana kuma kwance da ciwon da ba a zaci zai tashi ba. Mahaifiyarsu ta tara 'ya'yanta ta roƙe su kada a gaya masa, a bar shi ya cika da kwanciyar rai. Sai Allah ya tashi kafaɗunsa, ita ce ta riga shi rasuwa. Tun daga nan babu wanda ya iya buɗe maganar. Dattawan gari sun sani, limamin ma ya sani ya kau da kai, kowa yana cewa tsohon ba zai wuce damina ɗaya ba. Damina goma sha ɗaya ke nan. Tsohon kuwa ba ya yarda kowa ya ja shi in autansa yana gari, a sahu kuma kafaɗarsa tana jingine da tasa, in autan bai sunkuya ba, tsohon zai ji. Wan ya ƙare da roƙo: abin da na gani in bar shi a inda na gan shi, domin yanzu akwai samari masu zafin kai da ba su san yadda aka faro ba, in maganar ta fita ta zaga ta dawo ta bakin mutanen birni, ba ya iya cewa ga inda za ta tsaya.

A motar komowa na gane cewa an rufe ni ta kowane gefe. In na kai maganar majalisa, mutum bakwai ne za su ji, kowannensu yana da mata, kafin mako ya zagayo Gusau ta ji cewa Kirista yana shiga sahu, ko kuma cewa wanda ke salla a ƙauye yana sujada a birni. Waɗannan shekarun kuwa garin ba shi da natsuwar dā. Ana ta raɗe-raɗin sauye-sauyen da ke tafe, mutanenmu suna rage murya in baƙo ya shigo shago. In kuma na yi shiru, ranar Lahadi ta uku zan miƙe in ɗora hannuna a kan mutumin da na gani da idona yana shaida abu biyu, in ce wa Allah da jama'a mun gwada shi mun same shi ba abin zargi.

Matata ta lura tun a ranar. Ta kawo tuwo na tsakura na ture, ta ce ko dai na samo dattin fiffiken ne, domin labarin barkwancin faston ya riga ya iso gida. Da ta ga ban yi murmushi ba ta ɗauke kwanon ba ta ƙara tambaya ba. Lahadi ta biyu ta zo, sakataren ikilisiya ya miƙe ya karanta sunayen uku da gargaɗin da ke biye da su. Makaniken yana zaune a benci na huɗu da matarsa. Da aka zo kan alhakin wanda ya sani ya yi shiru, sai na ji kamar sakataren ni kaɗai yake karanta wa.

Washegari na tafi Tsafe wurin wani abokin karatuna da ya yi ritaya a can, mutumin da ya fi ni sani ya kuma fi ni sauƙin hali. Na ba shi labarin ba tare da na ambaci suna ko gari ba. Ya saurara yana ɓare gyaɗa, sa'an nan ya tuna mini da sarkin yaƙin nan kuturu da aka warkar a kogi, wanda ya roƙi annabi gafara tun da wuri, domin maigidansa yakan jingina a hannunsa a ɗakin ibadarsu, in maigidan ya sunkuya dole shi ma ya sunkuya; annabin kuwa ya sallame shi da salama. Na ce na yi tunanin wannan tun a gindin tsamiya. Na ce misalin bai zauna daidai ba ta fuska biyu: masallaci ba gidan gunki ba ne, mutanen da ke cikinsa kuma suna da hakkin kada a tsaya a sahunsu da zuciyar da ba tasu ba, sa'an nan sarkin yaƙin nan ba a ce za a naɗa shi mai hidimar ikilisiya ba. Ya ce to ai girmama uba ma umarni ne, har da alkawari a kansa. Na ce wanda ya ɓoye Ubangijinsa a gaban mutane fa? Muka yi ta jan nassi kamar muna aji har la'asar. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, ya ce mini, "Kai dai tun muna yara ba ka iya barin ƙulli sai ka kwance shi. Ka kula, wani ƙullin shi ke riƙe da kayan." 

Ranar Laraba na je rumfarsa a Gusau. Na same shi durƙushe a kan wani inji, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Ya miƙe ya goge mini benci. Ban yi kewaye-kewaye ba, na ce masa na je ƙauyensu ranar kasuwa, ina gindin tsamiya lokacin azahar. Ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wansa ya aiko masa tun a ranar, mako guda ke nan yana jirana. Ya ce ba ya karanta kome in ya tsaya a sahun, addu'arsa yake yi a zuci, amma ya sani wannan ba hujja ba ce, domin abin da jikinsa ke faɗa wa mahaifinsa daban ne. Matarsa ma ba ta sani ba.

"Baba, me zan yi?"

Na riga na shirya amsar a hanya, na tsara ta kamar darasi. Na ce hanya biyu ce. Ko ya janye sunansa da kansa, ba sai ya faɗi dalili ba, ni kuma in tafi kabari da abin da na gani. Ko kuma ya gaya wa mahaifinsa gaskiya kafin Lahadi, ya daina shiga sahu, in ɗora masa hannu da zuciya ɗaya. Ya ce in ya janye ba dalili, jama'a za su ce mace ce ko sata, matarsa ce za ta sha kallon. Na ce haka ne. Ya ce kuma ko ya janye, ƙaryar tana nan, sunan dikin kawai aka cire mata. Wannan ban shirya masa ba. Can ya ce zai tafi ranar Juma'a da hantsi, amma yana roƙona in raka shi, domin in shi kaɗai ne zai isa zauren ya gaida tsohon ya dawo, kamar yadda ya yi sau da yawa.

Ban taɓa jin tsoron hanya irin na ranar ba. Dawa ta nuna a gonaki hagu da dama, mutane suna ta yanka, ni kuwa ina lissafin abin da zai iya faruwa. Tsohon zai iya tsine masa, tsinuwar uba kuwa a ƙasarmu ba abin wasa ba ce ko ga wanda ya ba da gaskiya. Zuciyarsa za ta iya bugawa a gabanmu, a ce wani tsohon Kirista ya zo daga birni ya kashe shi da magana. Za a iya tara mana jama'a. Na tuna ban gaya wa kowa inda za ni ba, ko matata. Sau biyu na buɗe baki in ce masa mu sauka a Bunguɗu mu koma, in ce na sake nazari, sarkin yaƙin nan ya ishe mu hujja. Ban faɗa ba. Har yau ban tabbata ko aminci ne ya rufe mini baki ko kunyar a ga malami ya janye fatawarsa.

Muka sami tsohon a zaure a kan buzu, yana jan carbi. Wan yana gefe yana gyaran igiya. Da ya gan ni tare da ƙanensa sai ya ajiye igiyar, fuskarsa ta sauya. Tsohon ya gane takun autansa tun kafin sallama, ya washe baki, ya ce yau ba ranar kasuwa ba, ko injin wani ya mutu ne. Ya miƙo hannu yana lalube har ya kama hannun rigar. Ya tambaya wane ne baƙon, aka ce dattijo ne daga Gusau, ya yi mini maraba ya sa a kawo fura.

Makaniken ya durƙusa a gabansa. Ya faɗi maganar cikin jimla uku ko huɗu, bai tsallake kome ba. Ya ce shi Kirista ne, an yi masa baftisma, duk tsayuwar da ya yi a sahu ya yi ta ne domin kada uban ya ji.  Carbin ya tsaya a hannun tsohon.

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya, Baba."

"Uwarku ta sani?"

"Ta sani."

Ya juya fuskarsa wajen babban ɗansa, ya tambaye shi shi ma, ya ce ya sani. Liman fa? Ya sani. Ya ambaci abokansa na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yake zama da su a rumfa, kowanne aka ce ya sani. A nan ne na ga abin da duk karatuna bai nuna mini ba. Na zo ina tsoron fushin uba a kan ɗan da ya bar addininsa. Abin da ke gabana kuwa tsoho ne da ya gane cewa gari guda ya shekara goma sha ɗaya yana kallonsa yana jingine da abin da ba shi ba, kowa yana tausaya masa, shi kaɗai ne bai sani ba. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, ashe makantar tasa biyu ce.

Sa'an nan ya juyo daidai inda nake zaune, kamar yana ganina. "Baƙo, kai na kas sa shi?" Na ce ni ne. Na so in ƙara bayani, in ce saboda gaskiya, saboda hakkinsa da na masallacin, amma ya riga ni magana. Ya ce in sha furata, baƙo ba ya barin gidansa da ƙishirwa. Na ɗauki ludayin na sha.

Bai tsine masa ba. Ya saki hannun rigar, ya ɗora hannunsa a gwiwarsa. Ya ce ƙofar gida ba ta rufe ba, ya zo ya gaishe shi in ya ga dama, ya kawo jikoki. Amma daga yau ya hutar da shi jagora. Ya kira babban ɗan ya ce ya tashe shi ya kai shi ɗaki, yana son ya kwanta kafin lokacin masallaci.

Wan ya fito ya same mu a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa ƙanensa ya je ya dawo bayan kwana biyu. Ni kuwa ya dube ni ya ce, "Malam, na roƙe ka. Mi munka yi maka?" Ya ce mu bi ta bayan gari kafin mutane su fara taruwa domin Juma'a. Muka bi ta cikin karan dawa har bakin titi, babu wanda ya tare mu har Gusau.

Lahadi ta uku aka karanta sunayen karo na ƙarshe. Fasto ya tambaye ni a gaban majalisa sakamakon tafiyar shaida, na ce na waje sun yi masa kyakkyawar shaida, ban kuma san wani abin da ya rage da zai hana naɗin ba. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, na auna su tun a gida. Mutum ukun suka durƙusa a gaban bagade, muka kewaye su. Ni aka ba addu'ar a kan makaniken. Na ɗora hannuna a kansa. Na roƙa masa abin da akan roƙa, jama'a suka ce amin, mata suka yi guɗa. Sharuɗan manzo sun cika a kansa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda zai iya nuna gurbi. Na yi zaton da zarar na ɗauke hannuna tsoron zai sauka. Bai sauka ba, wuri kawai ya sauya.

Tsohon bai ƙara zuwa kasuwa ba. An ce ya daina zama a rumfar abokansa, masallacin ƙofar gida kaɗai yake fita. Autan yakan je duk mako biyu ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa masa da kyau kamar yadda akan amsa wa maƙwabci. Da damina ta zagayo ya rasu. Makaniken ya je, ya tsaya daga baya lokacin da ake masa salla, wan kuma ya miƙa masa fartanya a maƙabarta ya taya haƙa.

Makaniken ya dawo Gusau ranar Asabar. Washegari ranar Jibin Ubangiji ce, dikinoni kuma su ke zagawa da gurasa da ƙananan kofuna. Layin dattawa ya faɗo a rabonsa. Ya zo gabana da faranti, ƙwayar idonsa ja, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba, ya ce a hankali, "Karɓi, Baba." Na karɓa. Na so in tambaye shi, a ranar da kuma sau da yawa bayanta, ko da za a mayar da mu rumfarsa ranar Larabar nan zai sake roƙona in raka shi. Shekaru sun wuce yana hidima ba abin zargi, muna gaisawa kowane mako, ban kuwa tambaye shi ba. Ina tsoron ya ce a'a. Ina kuma tsoron ya ce i domin ya ga na tsufa.